IDAN ALƘALI YA RUFE ƘOFA, ME AKE ƁOYEWA? DARASI DAGA JIDDA

Muna farawa da sunan Allah wanda ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, babu wani gida a zangunanmu, tun daga Nima ta birnin Ankara har zuwa Kumasi, Tamale da Bawku, wanda bai san sunan Jidda ba. Ita ce ƙofar Makka tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan (R.A.). Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya, a nan suka fara taka ƙasar Hijaz, kuma da yawansu ba su dawo ba, jikokinsu suna can har gobe. Saboda haka abin da ya faru a Jidda bai yi mana nisa ba. A wannan fitowa muna so mu tsaya a kan tambaya guda: shin ya halatta hukuma ta kafa kotu ta daban domin wasu mutane na daban, ta rufe ƙofa, ta yanke musu hukunci ba tare da jama'a sun ji hujjar da aka dogara da ita ba? Idan kuma ta yi haka, ƙarfinta ta nuna ko gazawarta?

ABIN DA YA FARU A JIDDA

A watan Fabrairu na shekarar 2007, jami'an tsaron Saudiyya suka kama mutum 9 a Jidda da Madina. Ba ƙananan mutane ba ne. A cikinsu akwai Dokta Sa'ud al-Hashimi, likita; da Shaihu Sulaiman al-Rashudi, tsohon alƙali; da Dokta Musa al-Ƙarni, malamin jami'a. Daga baya aka ƙara kama wasu 7, suka cika 16. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta ce suna tara kuɗi ne domin taimakon ta'addanci. Su kuwa da lauyoyinsu suka ce laifinsu shi ne yaɗa takardar koke mai neman gyaran mulki, da shawarar kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam.

To, magana ta rabu biyu ke nan, kuma raba gardama irin wannan shi ne aikin kotu. Amma sai aka ajiye su fiye da shekara 3 ba a karanta musu tuhuma ba, alhali kuwa dokar shari'ar laifuka ta Saudiyya ta shekarar 2001, wadda ke aiki a lokacin, ta ce kada tsare mutum kafin a kai shi gaban alƙali ya wuce wata 6, ta kuma ce asalin zaman kotu a fili yake. A shekarar 2011 aka soma shari'arsu a gaban Kotun Musamman ta Laifuka, wadda aka kafa a 2008 domin shari'ar ta'addanci, aka kuwa soma ta a bayan ƙofa. Ran 22 ga Nuwamba 2011 aka yanke musu ɗauri daga shekara 5 zuwa 30. Al-Hashimi ya sami 30, al-Ƙarni 20, tsohon alƙali al-Rashudi 15. Cikin tuhumomin akwai kafa ƙungiyar asiri, da neman ƙwace mulki, da warware mubaya'a ga sarki. A watan Oktoba na 2021 Musa al-Ƙarni ya rasu a kurkukun Zahban da ke arewa da Jidda, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma suka ce duka aka yi masa a cikin kurkukun.

Labarin bai tsaya nan ba. Ɗaya daga cikin lauyoyin da suka tsaya wa waɗannan mutane shi ne Walid Abul Khair, haifaffen Jidda. A watan Afrilu na 2014 aka tsare shi, ran 6 ga Yuli na wannan shekara kuma kotun nan ta musamman, a zamanta na Jidda, ta yanke masa ɗaurin shekara 15, da hana shi fita ƙasar na wasu shekara 15, da tarar riyal 200,000. Babu bindiga a cikin tuhumarsa, babu bam. Abin da ke ciki shi ne saɓa wa mai mulki, da zubar da mutuncin alƙalai, da kafa ƙungiya ba izini, da tunzura jama'a. Ya ƙi kare kansa a gabanta, domin ya ce bai yarda da halaccinta ba. Da fari an jingine masa shekara 5, amma a Janairu 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar masa da su duka. Wato lauyan ya bi sawun waɗanda ya kare, ta ƙofar da suka bi.

HUJJAR MASU RUFE ƘOFA

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, tunda abin da muke kira a kai ke nan. Masu kare wannan kotu suna cewa ƙasar ta sha wuya a hannun 'yan ta'adda, kuma gaskiya suka faɗa. A watan Mayu na 2003 an tayar da bama-bamai a gidajen kwana a Riyad. A Disamba 2004 an kai hari ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a nan Jidda. A Agusta 2009 wani ya tarwatsa kansa a gidan Yarima Muhammad ɗan Nayif, shi ma a Jidda. A Yuli 2016, cikin watan azumi, bam ya tashi dab da Masallacin Annabi (S.A.W.) a Madina. Suka ce irin waɗannan mutane ba a yi musu shari'a kamar ta ɓarawon akuya: akwai shaidu da za a iya kashewa, akwai asiran tsaro da bai kamata abokan gaba su ji ba.

Ba mu musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Jinin da aka zubar na bayin Allah ne, kuma wajibi ne hukuma ta kama wanda ya zubar da shi. Mun kuma yarda akwai lokacin da alƙali zai iya sallamar 'yan kallo, kamar a maganar da ta shafi sirrin miji da mata, ko ƙaramin yaro, ko shaidan da ake tsoron a halaka shi. Amma a duba da kyau. A irin wannan hali alƙalin ne da kansa yake yanke shawarar rufewa, saboda dalili sananne, na ɗan lokaci, kuma wanda ake tuhuma yana nan yana jin duk abin da aka faɗa a kansa. Wannan daban yake da kotun da aka gina ta a kan ɓoyo tun daga tushe. A Yuli 2009 hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar cewa an gama shari'ar mutum 330, ba tare da jama'a sun ga zaman ba. Wane ne a cikinsu ya dasa bam, wane ne kuma aka haɗa da shi don kawai ya san wani? Ɓoyo ya hana a bambance.

Sa'an nan kuma, wuƙar da aka wasa don kura, ga shi an juyo da ita kan tumakin gida. Shaihu Salman al-Auda, wanda da yawanmu muka saurari karatunsa, an kama shi a Satumba 2017, a 2018 kuma mai gabatar da ƙara ya nemi wannan kotu ta yanke masa hukuncin kisa a kan tuhuma 37. A 2023 ta yanke wa wani malamin makaranta mai ritaya, Muhammad al-Gamidi, hukuncin kisa saboda abin da ya rubuta a Twitter da YouTube, kafin a mayar da shi ɗaurin shekara 30 a 2024. Idan kotun ta'addanci ta koma shari'ar alƙalami da harshe, ai ta fita daga dalilin da aka kafa ta dominsa.

ME SHARI'A TA KOYA MANA?

Tunda da sunan Shari'a ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, to da ma'aunin Shari'a ya kamata mu auna su. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun so alƙali ya zauna a masallaci ko a harabarsa, domin mai rauni da mace da baƙo su iya isa gare shi ba tare da dogari ya tare su ba. Sun so ya zauna da malamai a gefensa yana shawara da su, da shaidu masu kiyaye abin da aka faɗa. Sun kuma shar'anta abin da ake kira izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya tambayi wanda zai faɗa wa hukuncin ko yana da sauran hujja, ko yana da sukar da zai yi wa shaidun. A kotunan Musulunci na arewacin Nijeriya ana rushe hukunci ɗungurungum idan aka tarar ba a yi izari ba. To, ta yaya mutum zai soki shaidar da ba a nuna masa ba? Haka nan iƙirarin da aka karɓa da duka ko barazana ba abin dogaro ba ne. Imamu Malik kansa an yi masa bulala a Madina saboda fatawarsa cewa abin da aka tilasta mutum a kansa ba ya ɗaure shi, domin masu mulki sun ga wannan fatawa tana taɓa mubaya'ar da suka karɓa da ƙarfi.

Mu tuna Sayyidina Aliyu (R.A.), yana Halifa, ya ga sulkensa a hannun wani da ba Musulmi ba. Bai kafa masa kotu ta musamman ba. Ya tafi gaban Alƙali Shuraihu kamar kowa, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗansa Hasan, Halifa ya fāɗi shari'a ya haƙura. Mu tuna kuma abin da malaman tafsiri suka kawo game da ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105: wani daga cikin mutanen Madina ya yi sata, danginsa suka so a jingina ta ga Bayahude don a rufa wa gidansu asiri, sai wahayi ya sauko ya wanke Bayahuden, kuma ana karanta wannan wankewa a salla har ranar tashin ƙiyama.

Amma babban darasi yana cikin Suratu Yusuf. Manyan Masar sun ga hujja da idonsu, riga ta yage ta baya, sun san yaron nan ba shi da laifi. Duk da haka suka zaɓi su jefa shi kurkuku, don maganar gidan babban mutum ta mutu a gari. Ba a kira shaida ba, ba a yanka masa wa'adi ba, aka mance da shi shekaru. Da sarki ya aiko a fito da shi, Annabi Yusuf (A.S.) ya ƙi fita sai an kira matan nan an tambaye su. Bai karɓi afuwa a kan laifin da bai yi ba. Ya nemi a buɗe maganar da aka rufe.

Wani zai ce, ai malamai sun ce nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta. Mun ji, amma nasiha daban, hukunci daban. Ana sirranta nasiha domin a kare mutuncin wanda ake yi wa ita. Shi kuwa hukunci, idan aka sirranta shi, mutuncin wa ake karewa? Ba na wanda aka ɗaure ba, domin shi an riga an shelanta sunansa a matsayin ɗan ta'adda. Abin da ake karewa shi ne raunin hujjar mai ƙara.

MU MA MUN GANI A GIDA

Kada wani ya ɗauka muna nuna Larabawa da yatsa ne mu kuwa hannunmu tsarkakakke. A nan Gana, bayan harin bam da aka kai wa Kwame Nkrumah a Kulungugu a Agusta 1962, an gurfanar da Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe a gaban kotu ta musamman. A Disamba 1963 kotun ta wanke su. Cikin kwana biyu Nkrumah ya tuɓe Alƙalin Alƙalai Sir Arku Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Wannan ya tona asirin irin waɗannan kotuna: an kafa su ne don su ba da amsa guda, idan suka ba da wata sai a canza alƙali. Ba a cika shekara 3 ba sojoji suka kifar da shi a Fabrairu 1966. A Yuni 1979 kuma aka harbe manyan hafsoshi 8, har da tsofaffin shugabannin ƙasa 3, Acheampong da Akuffo da Afrifa, ba tare da jama'a sun ga wata shari'a ba. Sai a 2001 aka tono gawawwakinsu aka miƙa wa iyalansu.

A Nijeriya, a 1995, kotun soja ta asiri ƙarƙashin Patrick Aziza ta sami Janar Olusegun Obasanjo da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da laifin shirya juyin mulki ga Janar Sani Abacha. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. Abin lura shi ne, a 1976, gwamnatin da su biyun ke jagoranta ta yi amfani da kotun soja ta bayan ƙofa wajen hukunta waɗanda aka zarga da kisan Janar Murtala Muhammad, aka harbe fiye da mutum 30. Shi kuma Janar Oladipo Diya, mataimakin Abacha a 1995, irin wannan kotun ce ta yanke masa kisa a 1998, mutuwar Abacha ce ta cece shi. Hausawa suka ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Daga baya ƙasashen biyu sai da suka kafa hukumomin sauraron koke a bainar jama'a, ta Mai Shari'a Oputa a Nijeriya a 1999, da Hukumar Sasanta 'Yan Ƙasa a Gana a 2002, domin a buɗe abin da aka rufe. Ashe ɓoyo bai kashe maganar ba, jinkirta ta ya yi.

ME YA SA MUKA KIRA SHI GAZAWA?

Na farko, gazawa ce wajen hujja. Wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu, shi ke kiran mutane su zo su gani. Hukumar da ke da hujja a kan ɗan ta'adda ita ce za ta fi kowa amfana da buɗe ƙofa, domin matasa su ji da kunnensu irin ɓarnar da ya yi, su guje shi. Idan ta rufe, ta ba shi kyautar da bai cancanta ba, wato rigar wanda aka zalunta. Hukuncin ɓoye ba ya wanke mai gaskiya, ba ya kuma tabbatar da laifin mai laifi a zukatan mutane.

Na biyu, gazawa ce wajen siyasa. Takardar koke amsa take buƙata, ko a karɓa ko a ƙi da dalili. Mai mulkin da ya miƙa ta ga mai gabatar da ƙara ya shaida wa duniya cewa ba shi da amsa. Halifofin Abbasiyya Ma'amun da Mu'utasim sun gwada wannan a kan maganar halittar Alƙur'ani tun daga shekara ta 218 bayan hijira, aka ɗaure Imamu Ahmad ɗan Hanbal, aka yi masa bulala. Bulalar ba ta sauya aƙidar jama'a ba, ƙarshe Halifa Mutawakkil ya janye abin baki ɗaya.

Na uku, gazawa ce wajen amana. Duk wanda ya kafa kotun musamman yana cewa ne kotunan da ya naɗa wa talakawa ba su isa ba. Idan ba su da kirki, me ya sa ya bar talakawa a hannunsu? Idan kuma suna da kirki, me ya sa yake gudunsu in maganar ta shafe shi?

Wanda kuma ya fi shan wuyar al'adar ɓoyo shi ne marar gata. Likita da alƙali suna da masu ambaton sunansu. Ƙungiyar Amnesty ta ba da labarin wani ɗan Nijeriya da aka kama a Jidda a 2002 bayan mutuwar wani ɗan sanda, aka sa shi ya dangwala yatsa a takardar Larabci da ba ya iya karantawa, aka yanke masa kisa a 2005 ba lauya ba tafinta. Wannan ma a kotu ta yau da kullum ke nan. Duk wanda yake da ɗan'uwa mai neman abinci a can ya san wannan magana tamu ce.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Son da muke yi wa Makka da Madina addini ne, ba ya raguwa. Amma alfarmar Ka'aba ba ta mayar da kuskuren ma'aikacin gwamnati daidai, kuma hidimar alhazai, duk da girman ladanta, ba ta biyan haƙƙin wanda aka ɗaure bisa zalunci. Ba muna kiran kowa ga tarzoma ko zagi ba. Muna kira ne mu daina auna zalunci da sunan mai yin sa, mu yi ihu idan a Guantanamo ne, mu yi tsit idan a Zahban ne.

Sa'an nan mu duba cikin gidanmu. Sau nawa kwamitin ƙungiya ya zauna da dare ya kori ɗan'uwa ba a kira shi ba? Sau nawa aka tuɓe limami ko ma'aji a kan an ce ka ce? Sau nawa aka yi ihun ɓarawo a lungun zango, matasa suka zama masu ƙara, su ne shaidu, su ne alƙalai, su ne masu zartarwa, kafin mutum ya buɗe baki? Ita ma wannan kotun musamman ce, bambancinta da ta sarakuna kawai ba ta da hatimi. Mu ɗaukar wa kanmu alkawari uku: ba za mu hukunta kowa a bayan idonsa ba, za mu gaya masa abin da aka ce ya yi da wanda ya faɗa, kuma wanda ke da rigima da shi ba zai zauna a kujerar hukunci ba. Idan muka kasa wannan a kan kuɗin asusun ƙungiya, da wane baki za mu nema daga masu riƙe da ƙasa?

Muna roƙon Allah ya kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, a Jidda ko a ko'ina, ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikin ƙangi da waɗanda 'yan ta'adda suka kashe, ya shiryi shugabanni su ji tsoron ranar da za a yi shari'a a gaban dukkan halitta, babu labule babu dogari. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.